Hadarin da Ya Wuce Gonarmu

An sare ɗorawar nan ta bayan Samaru. Ba wanda ya gaya mini, da idona na gani, ranar da na hau bas daga Sabon Gari zan je dubiya asibitin Shika. Na saba duk sa'ad da muka wuce kasuwa in juya in nemi kanta ta saman rufin gidaje, yadda mutum yake neman fuskar ɗan'uwansa a cikin taro. Wannan karon sai na ga sarari. Yaron mota ya ce ai ɗakunan haya za a gina wa ɗalibai, har an fara sauke bulo. Na ce Allah ya sa albarka, kuma da gaske nake, don 'ya'yan mutane suna buƙatar wurin kwana. Amma na je na dawo ban iya tuna abin da na ce wa marar lafiyar ba. Hankalina yana gindin itacen da babu shi.

A ƙarƙashinta muke sujada kafin a gina majami'a, bayan an gina ma can ake fita idan wani abu ya yi wa jama'a nauyi. Samarun da na tashi a ciki ba ta da wannan hayaniya. Gidaje ne jefi-jefi, da gonar gwaji ta gwamnati inda wasu maza ke ƙodago, sauran duk fili ne har inda ido ya tsaya. Abin da ke tashe mu da safe shi ne kiran salla daga masallacin maƙwabta, murya tsirara ba lasifika, sai turmi ya amsa daga wannan gida, wani ya karɓa daga wancan. Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke," yake cewa, ko kuwa "yarinyar nan," ko da ina tsaye a gabansa. Ni ke ɗebo ruwa a rijiya, ni ke wanke kalwa idan ɗorawa ta nuna, ni ke bin bayansa da ƙwaryar iri idan shuka ta zo. Ranar Lahadi ba mu da ƙararrawa, sai guntun ƙarfen dogo da wani ya samo daga tashar jirgi aka rataye a reshe. In an buga shi, sautin yana daɗewa a iska kafin ya mutu, kuma ba a fara komai sai ya mutu ƙurmus. Wannan ɗan shirun nake fara tunawa in an ce sujada.

Mai bisharanmu wani tsoho ne siriri, manomi kamar kowa, mutumin ƙauye da ya karɓi bishara da girmansa. Malam muke ce masa. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, mu ma haka, har inuwar ɗorawa ta zama kewaye da takalma. Addu'arsa ba ta farawa da roƙo. Gaisuwa yake yi. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mun gaishe ka, Mai sama da ƙasa. Mun kwana mun tashi, mun tarar ranarka ta fito inda ka ce ta fito. Mun ga aikinka. Sannu da aiki, Ubangiji." Daga nan sai ya bi halitta ɗaya bayan ɗaya, daga taurari har tururuwa, yana gaya wa Allah yadda ya yi su da kyau, kamar Allah bai sani ba. Gwiwoyinmu su yi tsami, jarirai su yi barci su farka, bai kai ga buƙata ba. Wata rana ya ji ina gunaguni a bakin rijiya, ya tsaya.

"Yarinya, in babanki ya aike ki gidan dagaci, daga ƙofa kike ɗaga murya ki ce a ba ki abu kaza?"

"A'a, Malam."

"Me kike yi?"

"Ina tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi."

"Sai yaushe kike faɗin saƙo?"

"Sai ya ce me ke tafe da ke."

"To, dagaci ke nan fa, wanda zazzaɓi ke kayarwa kamar ni da ke." Ya ɗauki fartanyarsa ya wuce.

Yanzu a cocinmu na Sabon Gari janareta ne ke fara magana kafin kowa. Ganguna da jita su kama, lasifikoki su ɗauka har tagogi na rawa, matashin faston ya riƙe makirufo yana cewa mu buɗe baki mu karɓa, mu umarta, mu ƙi yarda, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ba na zarginsu. Yaran nan suna azumi fiye da yadda muka yi, suna duba gwauraye, kuma sun sha wuyar da mu ba mu sha ba a ƙuruciyarmu. Abin da na lura kawai shi ne tun daga farko har ƙarshe babu wurin da numfashi ke sauka. Na daɗe ina aikin rediyo, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne shiru laifi ne: in aka bar tasha ba murya, mai sauraro zai murɗa ya tafi. Ina jin kamar mun ɗauko wannan doka mun kawo ta gaban Allah, kamar shi ma zai murɗa ya koma wata tasha in muka yi shiru.

Shekarar da nake son faɗa, na fara zama budurwa, ruwan farko ya yaudare mu. Ya sauka da ƙarfi, shamuwa ma ta iso, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Dawa ta tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke. Muna kallo tsiron ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Rumbunmu ya riga ya kai ƙasa, don daminar da ta wuce ma ba ta yi kirki ba. Abin da ya rage shi ne ɗan ƙullin zangarniya da Baba ya zaɓa tun kaka ya rataye a hayaƙin madafa. Ko a ci shi ya ɗan ja mu, ko a shuka shi. Ba zai yi duka biyu ba. Gonar kuma ta aro ce daga dagaci, duk wanda ya bar ta damina guda ba noma, wani za a ba.

Ana cikin haka sai ga Kawu a kan keke daga Sabon Gari, ƙanen Inna, yana aiki a tashar jirgi. Shi da Baba abokan wasa ne, amma ran nan da magana ya zo.

"Yaya, noma ya ƙi ka, kai ma ka ƙi shi mana. Ana neman masu ɗaukar kaya a tasha, na yi maka magana. Akwai ɗaki a unguwar Muchia kusa da nawa. Buhu ba ya jiran hadari, kullum yana nan."

Baba ya ce, "Ɗaki ɗaya, da ni da 'yar'uwarka da yara da akuya?"

"Akuyar sai mu ci ta ranar tarewa."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka saurare shi. Yara ba sa cin ƙasa."

Kawu ya ce zai dawo ran Lahadi ya ji amsa, in ya wuce nan wani za a ba wurin.

Washegari Baba ya sauko da zangarniyar ya sussuke ta da kansa. Binne zai yi. Ga wanda bai yi noma ba, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa, a bar shi yana jiran ruwa, don ranar da ruwa ya sauka ya tarar da shi a wurin. In ruwan ya zo da yawa, mai binne ya riga kowa. In ya yi jinkiri, tururuwa da fakara su kwashe. Mafi muni shi ne a yi ɗan yayyafi wanda zai tashi irin daga barci, ya kumbura, sannan rana ta dafa shi a cikin rami. Inna ta tsaya a ƙofar madafa tana kallon ƙwaryar. Ta ce, "Abincin bakin 'ya'yanka za ka kai wa tururuwa?" Baba ya dube ni ya ce, "Ke, ɗauko."

Har yau ina jin ƙarar sungumi a ƙasar da ba ta sha ruwa ba, wata ƙara ce busasshiya kamar ana sara tukunya. Baba yana gaba yana sara, ina bayansa ina zuba 'yan ƙwayoyi ina rufewa da diddige, ƙasar tana ƙona mini ƙafa. Kowane rami na rufe, sai in ji kamar lomar tuwo na rufe. Maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi da gonarsa ke jikin tamu, ya jingina da fartanya yana kallonmu.

"Binne, maƙwabci? Kai dai da zuciya kake."

"Ya za a yi, maƙwabci."

"Mu mun fita roƙon ruwa jiya, har riguna muka juya. Ku ma ku fita ran Lahadi. Amma don Allah ku ce wa tsohon nan naku ya gajarta gaisuwa, kada kaka ta zo bai kai ga maganar ba."

Ranar na fara jin dariyar Baba tun da shuka ta ƙone.

Ran Lahadi bayan sujadar safe Malam ya ce a dawo gindin ɗorawa da la'asar, roƙon ruwa za a yi. Aka dawo, har da waɗanda sai Kirsimeti ake ganinsu. Matan zumuntar coci sun zo da tulunansu na kiɗa amma ba wadda ta taɓa nata. Kawu ma ya iso da gogaggiyar riga, ya tuɓe takalmi yana ɗage ƙafa saboda zafin ƙasa. Babu iska ko kaɗan, ganye ɗaya ba ya motsi. Aka buga ƙarfen, aka jira ya mutu, Malam ya durƙusa. Kowa ya ɗauka yau dai zai tafi kai tsaye. Sai muka ji, "Mun gaishe ka, Mai sama da ƙasa." Na ji wata mata ta ja tsaki a hankali. Ya ci gaba abinsa. Ya gaishe shi da rana, wadda ke ƙona mu a lokacin. Ya gaishe shi da rijiyoyin da ba su ƙafe ba. Ya fara maganar gizagizai, yadda yake rataye tekun ruwa a sama ba igiya ba ginshiƙi, sai muryarsa ta tsaya a tsakiyar magana.

Na jira, ban ji ya ci gaba ba, sai na buɗe ido. Malam yana durƙushe, idonsa a buɗe, yana kallon gabas. Na juya. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Hadari ne ya taso daga ƙasa har tsakiyar sama, baƙi ƙirin a gindi, shuɗi a ciki, samansa fari fat inda rana ke dukansa, yana tumbatsa yana hawa kan kansa kamar duwatsu suna haihuwar duwatsu. Duk garin Zariya da ganuwarta da tashar jirgin Kawu ba su kai ƙwayar dawa ba a gindinsa. Walƙiya tana yawo a cikinsa ba ƙara. Can sai cida ta iso, ba ta kunne ba, ta ƙasa, na ji ta a gwiwoyina kafin in ji ta a kai. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka ɗago. Ba wanda ya ce ga ruwa nan, ba wanda ya yi guɗa. Iska mai sanyi ta taho ta kwantar da ciyawa, ta shiga ɗorawar, sai ƙarfen dogon nan ya fara lilo yana bugun jikin itace, yana kiran sujada ba hannun kowa. Malam ya kifa goshinsa a ƙasa. Muka bi shi. Na manta da gona, na manta da ƙwarya, na manta da Muchia. Abin da na sani kawai shi ne akwai Wani, kuma ni ƙarama ce ƙwarai, kuma ban so in kasance a wani wuri ba sai nan.

Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Da na sake ɗagowa, hadarin ya karkata arewa. Muna gani ya bi ta gefenmu ya nufi wajen Shika, ruwa yana zuba daga cikinsa kamar an saki labule mai ruwan toka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana zuwar mana har cikin maƙogwaro. Ko ɗigo bai taɓa mu ba. Rana ta dawo. Malam ya ɗago da ƙasa a goshinsa, ya ce, "Amin," ya miƙe.

Kawu ne ya kasa haƙuri. "Malam, ka manta abin da ya fito da mu! Ga shi ya zo har ƙofa, ba ka ce ya shigo ba!"

Tsohon ya dube shi, kamar wanda aka tasa daga barci. "Ban manta ba, ɗana. Bakin ne ya ƙi buɗuwa. Kai da ka ga abin da na gani, me za ka sanar da mai wannan? Cewa gonar yayanka ta bushe?" Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa. "Yau bai ce me ke tafe da ku ba. Wucewa ya yi, ya bar mu muka gani."

Kada a ɗauka Malam ba ya roƙo. Na ji shi yana roƙon Allah a kan ɓataccen ɗan akuya, da suna da launi. Ranar ce dai bai iya ba.

Baba ya nufi gona, na bi shi, Kawu yana biye yana tura keke. Da muka isa Baba ya tsuguna, ya sa yatsa ya tone rami ɗaya. Ƙwayoyin suna nan yadda na zuba su, busassu, ba abin da ya taɓa su. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da gefensa ya shafe mu, yayyafi za mu samu. Da sun tashi, gobe rana ta dafa su." Ya mayar da su ya rufe.

Kawu ya ce, "To, Yaya, me zan ce wa mutanen?"

"Ka ce su ba wani."

"Ruwan ya wuce ka fa. Da idonka ka gani."

"Na gani," in ji Baba. "Shi ya sa."

Na daɗe ina juya wannan "shi ya sa" a raina. Ba a yi masa alkawarin komai ba. Sama ta koma wayam kamar jiya, kuma mutanen Shika da suka sami ruwa ba su fi mu ibada ba, ba mu kuma fi su zunubi ba. Abin da Baba ya samu a gindin ɗorawa ba labarin ruwa ba ne, girman Mai ruwan ya gani, kuma mutumin da ya ga wannan yana iya barin irinsa na ƙarshe a hannunsa ya je ya kwanta. Malam yakan ce mai tuƙa irin wannan hadari shi ne ya yarda aka haife shi inda dabbobi ke cin abinci, ya kuma ce mu kira shi Uba. Yaran yanzu sun san kusancinsa, kuma gaskiya suka sani. Mu dai girmansa aka fara nuna mana, shi ya sa har yau in na ce Uba sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsawo. Inna tana dafa mana rama da tafasa, ba ta yi wa Baba magana sai ta dole. Ruwan da ya zo daga baya bai zo da kwarjini ba. Ina bakin rijiya da hantsi na ji ɗigo a wuyana, babu cida, babu iska, ya fara a hankali ya wuni yana shiga ƙasa. Inna ta fito da tukwane tana tara, na ga tana share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Ba duka binnen ya tsiro ba. Fakara da tururuwa sun ɗebi rabonsu, layuka suka fito da giɓi kamar bakin tsohuwa, kuma shekarar ba mu ƙoshi sosai ba. Amma gonar ta zauna a hannunmu har Baba ya bar duniya.

Safiyar da tsiro ya fasa ƙasa ina tare da shi. Ya tsaya a bakin gona, ya tuɓe takalminsa na taya ya ajiye gefe, ya tsuguna. Na ji ya ce, "Mun gaishe ka, Mai sama da ƙasa. Mun ga aikinka." Na kasa kunne in ji zai roƙi ruwa na gaba, don ana buƙatarsa ƙwarai. Bai ƙara komai ba. Ya daɗe a tsugune, sannan ya miƙe ya ce, "Ke, je ki ce wa uwarki ta zo ta gani."

Lahadin da ta biyo bayan tafiyata Shika, ina zaune a coci, ganguna suna tashi, faston yana cewa kowa ya miƙe ya faɗi abin da yake so da ƙarfi. Na zare ƙafafuna daga takalmi na tura shi ƙarƙashin benci, na sunkuyar da kai. Jikata da ke kusa da ni ta taɓa ni, ta kawo bakinta kunnena saboda ƙara.

"Kaka, takalmin ne ya matse ki?"

Na ce, "A'a. Gaisuwa nake yi."

Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna. Can na ga ta sunkuya tana kwance nata.